Waken Rumfa a Bayan Ɗaki

Duk wanda ya san Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san cewa Allah Ya yi musu ni'imar damina fiye da arewacin Katsina, har masara da dawa da auduga suka zama abin tinƙahonsu. Amma tun da fitinar 'yan bindiga ta mai da gonakin nesa wuraren da magidanci ke zuwa cikin fargaba, wani lokaci ma ya haƙura da su ɗungum, sai ɗan filin da ke bayan ɗaki, wanda a da ake bar wa kaji da 'ya'yan kabewa, ya sami darajar da ba a taɓa ba shi ba. A irin wannan fili, ni a ganina, babu shukar da ta kai waken rumfa cancanta.

Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, musamman ƙasar Peru, inda aka daɗe ana nomansa tun kafin Turawa su isa can. Hikimarsa ita ce ba ya cin ƙasa, sama yake nema. Idan aka binne ƙwaya biyu ko uku a gindin danga ko ginshiƙin rumfa bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuni, zurfin gaɓar yatsa biyu, sai ya naɗe itacen ya hau, ya ba da inuwa ga masu zama, sa'an nan saiwarsa, da taimakon wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ta ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda waken gona ke yi. Abin da ba ya jurewa shi ne kwantaccen ruwa, saboda haka a yi masa ɗan tudu, a kuma tsare shi daga awaki, waɗanda ba su san haramun ba.

Akwai sharaɗi guda da ya wajaba uwargida ta kiyaye. Ƙwayarsa tana ɗauke da guba irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, kuma galibi masu duhun launi sun fi farare yawanta. Don haka ba a cinsa ɗanye, sai an jiƙa shi ya kwana, an zubar da ruwan, an tafasa shi sosai a tukunya buɗe, an sake tsiyayewa, kafin a haɗa shi da shinkafa ko a yi fate da shi.