Yaro Ya Yi Ɓarna: Caji Ofis Ko Zauren Mai Unguwa?

Duk wanda ya san garuruwa da ƙauyukan Rano da Kibiya ya san irin ɓarnar da ake kwana ana tashi da ita. A dawo daga dogon hutu a tarar an ɓalle tagogin firamare, an kwashe ƙarafan kujeru. Famfon tuƙa-tuƙa a wayi gari babu hannunsa. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a yanke mata waya, tanki ya bushe. Wani lokacin ma ba sata ba ce: an tashi daga gidan kallon ƙwallo ko gangamin siyasa, ƙuruciya na ɗibar samari, a farfasa gilashin motar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. In aka bi sawu, sau da yawa ba baƙo ba ne. Ɗan unguwa ne mai shekara 14 ko 16, kowa ya san ubansa.

Abin da ke biyo baya ɗayan biyu ne. Ko dai a taru a kansa da duka, 'yan sintiri su ɗaure shi a miƙa shi caji ofis, ko kuma ubansa ya ɗauko dattawa biyu a je a durƙusa, a ce "a yi haƙuri, ƙuruciya ce," mai kaya ya haɗiye fushinsa don kada a ce ba shi da kara. Ko wanne aka bi, famfon yana nan a karye, mata da yara suna ta jigilar jarkoki zuwa rafi.

Mu fara da hanyar caji ofis, tunda ita ce mutane ke gani kamar adalci. Mai kaya zai bar gona ko kasuwa ranar zaman kotu, ya biya kuɗin mota, a ɗage shari'a, ya dawo, a sake ɗagewa. Uban yaro kuwa zai sayar da akuya ko buhun masara yana neman fito da ɗansa, alhali a doka belin 'yan sanda kyauta ne. Kuɗin da ɓangarorin biyu suka zubar a hanya sau da yawa ya isa a gyara abin da aka ɓata. Shi kuma yaron yana ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana a haɗa yara da manya wuri ɗaya, amma gidajen horon matasa na tarayya, waɗanda ake kira Bostal, uku ne kacal suka daɗe suna aiki a duk faɗin ƙasar nan: Kaduna, Ilorin da Abeokuta. A Kano akwai gidan ajiye yara a Goron Dutse, amma daga Rurum ko Saya-Saya zuwa can tafiya ce, uwar yaro ba kullum za ta iya kai masa ziyara ba. Wanda ya shiga don ya ɓalle taga, ya kan fito ya san wa ke sayen wayar wuta da nawa ake sayenta. Sunan "ɗan fursuna" kuma zai bi shi har ranar da zai je neman aure.

Mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. Bayan zanga-zangar 1 ga Agustan 2024, wadda a cikinta aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar NCC a Kano, an kama mutane da dama, har da yara ƙanana. Sai 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasunsu a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Duniya ta ga hotunansu, ƙasusuwa a waje, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali. Kwanaki kaɗan bayan haka Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su. Wata uku a tsare, kuma ban ji wanda ya ce tsarewar ta mayar da ko kujera ɗaya mazauninta ba.

Masu bincike ma sun auna abin. A 2010 Anthony Petrosino da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 29 da aka yi a kan yara fiye da 7,000, inda aka kwatanta waɗanda aka bi da su ta kotu da waɗanda aka karkatar zuwa wata hanyar. Abin da suka gano shi ne kai yaro kotu bai rage laifi ba, hasali ma ya ɗan ƙara shi.

Mutane da yawa ba su san cewa doka da kanta ta buɗe wata ƙofa ba. Sashe na 209 na Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ya ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe maganar yaro ba tare da shari'a ba, in laifin ba babba ba ne, ta hanyar sa ido, jagoranci, mayar da kaya da biyan diyya ga wanda aka cuta. Daga wannan doka jihohi suka ɗauki samfuri, Kano kuma ta sa hannu a tata Dokar Kare Yara a watan Mayun 2023. Ita ma waccan doka ta 2019 ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da zaman sasanci tsakanin mai laifi da wanda ya cuta. Saboda haka uban da ya roƙi DPO a ba su dama su daidaita, ba alfarmar bayan fage yake nema ba.

Mu kuwa ba sai mun jira Abuja ta koya mana wannan ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, yaron da bai balaga ba ba a tsai da masa haddi, amma dukiyar mutane da ya lalata tana nan a wuyansa, sai an biya, ko da gangan ya yi ko da kuskure. Ga kuma ƙissar Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, tsira da aminci su tabbata a gare su, a Suratul Anbiya, kan gonar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. Malaman tafsiri sun bayyana cewa hukuncin Annabi Sulaimanu shi ne mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nononsu da gashinsu, masu tumaki kuma su shiga gonar su yi mata aiki har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi nasa. Mai gona bai yi asara ba, masu tumaki ba su talauce ba, kuma da guminsu suka gyara. Zauren Sulhu da aka kafa a unguwanni zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, da sasancin da Hisbah ke yi kullum, duk a kan wannan tushe suke.

Abin dariya shi ne Turawa sai a 1974 suka farga. A wani ƙaramin gari mai suna Elmira a ƙasar Kanada, samari biyu suka sha suka yi tatul, suka kwana suna farfasa tagogi da huda tayoyin motoci, wuri 22 a dare ɗaya. Wani jami'in kula da masu laifi, Mark Yantzi, ya shawarci alƙali da a sa su je su fuskanci mutanen da suka cuta. Alƙali ya yarda. Suka bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna faɗin sunansu da abin da suka aikata, aka ƙiyasta ɓarnar, suka biya. Daga wannan shari'a ake lissafin farkon irin wannan sasanci a kotunan ƙasashen Yamma.

To amma a nan ne namu sulhun ke yawan tuntuɓe. "A yi haƙuri" ba sulhu ba ne, danne mai rauni ne. Sulhun da zai yi aiki sai yaro ya zo da kansa ya zauna, ba a ɓoye shi a ɗakin uwarsa ana magana da yawunsa ba. Mai unguwa ya tara mai kaya, uban yaro, liman, da wanda ya san kuɗin gyara: makaniken famfo, kafinta ko mai walda. A bar mai kaya ya yi magana har ya gama. In makaranta ce, hedimasta ya faɗi yadda 'yan aji ɗaya ke zama a ƙasa iska tana shigo musu da ƙura. Sannan a juyo kan yaron.

"Kai ne ka cire?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ina ka kai?"

Wannan tambaya ta biyu ita ce ke sa zaure ya yi tsit, za mu dawo kanta. Bayan ya amsa, a yanke abin da za a biya da ranar da za a gama, a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai wa dagaci kwafi. In maganar ta riga ta je caji ofis, a kai musu su ma, kada a rufe ta a bayan idonsu.

Kuskuren da iyaye masu hali ke yi shi ne uba ya zaro kuɗi nan take ya biya, a watse. Yaron da ya ga haka ya koyi abu ɗaya: ɓarna tana da farashi, kuma Baba yana da shi. Uba zai iya ba da kuɗin don kada mai kaya ya jira, amma ya zama rance ne da yaro zai biya da jikinsa. Aiki bai ƙare ba a wannan yanki: ga cirar ciyawa da damina, ga girbi da sussuka da kaka, ga noman rani a filayen da ruwan Tiga ke shayarwa. In taga ya ɓalle, ya tsaya kusa da mai walda yana riƙe ƙarfe har a kafa ta. Sai dai aikin ya zama daidai ƙarfinsa, ba ya hana shi makaranta, kuma yana da ranar ƙarewa. Kada a rataya masa kayan a wuya a zaga gari da shi yara suna ihu, kada a ɗauke shi bidiyo a watsa a WhatsApp. Wulaƙanci ba ya biyan bashi, ƙullaci yake haifarwa. Ranar da ya gama biya kuma, a faɗa a gaban waɗanda suka ji laifinsa cewa ya sauke.

Biya kaɗai bai isa ba, don abin da ya kai shi ga ɓarnar yana nan: zaman banza, majalisar dare, wani lokacin ƙwaya. Yana bukatar babba guda ɗaya tsayayye, maigida a garejin babura, tela, malamin Islamiyya ko kawu mai faɗa a ji, wanda zai san in bai zo ba yau, ya aika a nemo shi. A Monrobiya ta Laberiya an gwada wannan a kan samari 999 da suka saba da sata da sayar da ƙwaya. Wasu aka ba su dala 200, wasu aka yi musu mako takwas ana zama da su ana koya musu kame kai da danne fushi, wasu aka haɗa musu duka biyun. Tasirin kuɗi kaɗai bai je ko'ina ba. Waɗanda suka sami zaman tare da jarin, bayan shekara goma an tarar laifinsu ya ragu da kusan rabi. Masu ba da kwalin taliya da keken ɗinki a gaban kyamara su tafi, su duba wannan. A Kano ma an ga makamancinsa a 2023, lokacin da kwamishinan 'yan sanda Mohammed Usaini Gumel ya karɓi tubar ɗaruruwan 'yan daba. Karɓar tuban rana ɗaya ce, riƙon shi ne aikin.

Gargaɗi ɗaya ga iyayen da suka gaji: gidan mari ba tarbiyya ba ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayensu ne suka kai da yawansu, da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya.

Sulhu kuma yana da iyaka, mutanen Rano sun fi kowa sani. A ƙarshen watan Mayun 2025, bayan rasuwar wani matashi da 'yan sanda suka ce sun kama shi kan tuƙin ganganci da babur, jama'a suka far wa ofishin 'yan sanda na garin, aka cinna wuta, aka ƙona motoci, DPO ya rasu sakamakon raunukan da ya samu. Inda aka rasa rai, ko na matashin ko na jami'in, ba maganar zauren mai unguwa ba ce, ta bincike da kotu ce. Haka fyaɗe, haka sara da makami, haka sa wuta a inda mutane ke kwana. Taɓa taransifoma da wayoyin wutar lantarki ma laifi ne mai nauyi a dokar tarayya, ban da cewa yana iya kashe mai taɓawar nan take. Iyaye su gaya wa 'ya'yansu a fili: ranar tarzoma, wanda ya jefa dutse ɗaya da wanda ya tsaya kallo mota ɗaya ake zuba su, kuma a ranar babu mai unguwar da zai iya fito da kowa.

Saura tambayar da aka yi wa yaron a zaure. Ɗan shekara 14 ba ya cin waya, ba ya kwana a kan hannun famfo. Akwai babba mai sikeli da ya karɓa da asuba, ya ga fentin makaranta a jikin ƙarfen, ya auna ya biya bai tambaya ba. Mafi yawan 'yan gwangwan da masu jari-bola halal ɗinsu suke nema, kuma su ne za su fi amfana in aka ware musu ɓarayin zaune daga cikinsu. Hakimai da dagatan masarautar Rano, daga Rano zuwa Bunkure da Kibiya, suna da ikon kiran shugabannin masu wannan sana'a su yi yarjejeniya: ba a sayen wayar wuta, farantin sola, batir ko ƙarfen makaranta daga hannun yaro, kuma duk kayan da aka saya a rubuta sunan wanda ya kawo. Wanda aka kama ya karya wannan, a fara karɓo kayan daga shagonsa a mayar inda aka ciro su, sannan shi a kai shi caji ofis.