Yadda tsuntsaye ke rayuwa a hamadar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa

Duk ɗan kasuwar da ya saba zuwa Dubai sayen mota ya san unguwar Ras Al Khor, inda dillalai ke baje motoci sababbi da na hannu. Kaɗan ne daga cikin masu wannan zirga-zirga suka san cewa 'yan kilomitoci daga kasuwar, a gefen babban titi, akwai wata fadama mai faɗin murabba'in kilomita shida da ɗoriya, inda ɗaruruwan tsuntsayen filamingo ke kiwo cikin ruwan gishiri, dogayen benayen birnin kuma na tsaye a bayansu.

An keɓe wurin tun 1985, aka ba shi cikakkiyar kariyar doka a 1998. A 2007 ya zama wuri na farko a ƙasar da aka sanya cikin jerin muhimman fadamun duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar, jerin da tafkin Nguru na Jihar Yobe ma ke ciki.

Abin da ke ɗaure kai shi ne irin ƙasar da wannan fadama take. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasarta hamada ce. Ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 100 ba, abin da Kano kan ninka sau shida ko fiye. A watannin Yuli da Agusta zafi kan taɓa digiri 50 a wasu sassan. Duk da haka, an tabbatar da ganin nau'in tsuntsaye sama da 450 a cikinta.

Zango a kan hanya

Mafi yawan waɗannan tsuntsaye baƙi ne. Ƙasar ta faɗo a kan hanyar da tsuntsaye ke bi daga Siberiya da tsakiyar Asiya zuwa gabashin Afirka. Idan sanyi ya kawo kai a arewacin duniya, abinci ya ƙare, sai su yo kudu daga watan Agusta zuwa Nuwamba, su koma gida daga Maris zuwa Mayu. Wasu wucewa kawai suke yi, wasu kuma sukan yada zango su cinye lokacin sanyin gaba ɗaya.

Abin da ke tsayar da su shi ne bakin teku. Tekun Fasha ba shi da zurfi, kuma duk lokacin da ruwansa ya janye sai ya bar shimfiɗar laka mai cike da tsutsa da ƙaguwa da ƙananan kifaye. Ga tsuntsun da ya yi kwanaki yana tafe a sararin sama, ya ƙone kitsen jikinsa, wannan laka ita ce guzurin da zai ƙarasa tafiya da shi. Idan aka cike ta da yashi aka yi gini, ba shi da wani masauki a kusa, domin gaba da baya duk rairayi ne.

Nisan tafiyar wasunsu ya wuce misali. Akwai wata 'yar tsuntsuwa mai farin gindi da nauyinta bai wuce giram 25 ba, wadda masu bincike suka maƙala wa na'ura suka gano tana tasowa daga Alaska, ta ratsa Asiya da yankin Larabawa, ta sauka a gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 14,500, sannan ta sake komawa a shekarar.

Fadamar da ruwan ƙazanta ya haifa

Labarin Al Wathba, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Abu Dhabi, ya fi ban mamaki. A da fili ne na gishiri wanda ba ya riƙe ruwa sai an yi ruwan sama. Da aka riƙa sako masa rarar ruwan da matatar ruwan ƙazanta ta Mafraq ta tace, sai ya zama tafki. Filamingo suka same shi, suka gina sheƙunansu na laka, suka yi ƙwai. Ganin haka ne marigayi Sheikh Zayed bin Sultan Al Nahyan, wanda ya kafa ƙasar, ya ba da umarnin a keɓe wurin a 1998. A yau filamingo kan kai 4,000 a can lokacin sanyi, kuma a 2020 hukumar muhalli ta Abu Dhabi ta ƙirga 'ya'ya 876 da aka ƙyanƙyashe a kaka guda.

Ruwan mai gishiri ne sosai, kuma hakan ne ya dace da su. A cikinsa wasu ƙananan jatan lande da gansakuka ke yaɗuwa. Filamingo kan sunkuyar da kai ya juya baki sama a ƙasa, ya tace su daga ruwan. Daga wannan abinci ne gashinsa ke samun launin ja-ja. 'Ya'yan da toka-toka ake ƙyanƙyashe su.

Haka abin yake a sauran wurare. Filayen wasan golf, gonakin ciyawar dabbobi, lambunan otal da tafkunan Al Qudra da aka haƙa a tsakiyar rairayin Dubai, duk sun zama matattarar tsuntsaye. Alhudahuda, wanda labarinsa da Annabi Sulaiman (AS) ya zo a Suratun Namli, yanzu yana kiwo a ciyawar wuraren shaƙatawa na birni. Sai dai ni'imar ta jawo har da waɗanda ba a gayyata ba: tsirya da wasu tsuntsayen Indiya da suka kuɓuce daga keji, da hankakan Indiya da jiragen ruwa suka kawo, sun yaɗu suna ƙwace wa 'yan gida wurin sheƙa.

Wannan ni'ima kuma aro ce. Ruwan da ke raya ta daga matatun ruwan teku da rijiyoyin burtsatse yake fitowa, kuma ranar da aka rufe famfo ko aka sayar da filin, tsuntsayen sun tashi ke nan. Fadamar Al Warsan, wadda masu kallon tsuntsaye suka daɗe suna ji da ita, gine-ginen unguwar International City, inda kasuwar Dragon Mart take, sun cinye mafi yawanta.

'Yan asalin rairayi

Tsuntsayen da suka fi cancantar a jinjina musu su ne waɗanda ba sa zuwa ko'ina idan bazara ta yi tsanani. Tsuntsu ba ya gumi. Zafin jikinsa kan kai digiri 40 zuwa 42, don haka yana da ɗan sarari fiye da ɗan Adam kafin iska ta fi jikinsa zafi. Idan ta fi, sai ya buɗe baki yana haki, wasu kuma su riƙa kaɗa fatar maƙogwaro da sauri domin danshi ya fita da zafin. Matsalar ita ce wannan dabara ruwan jiki take ci, a wurin da ruwan ya fi komai tsada. Abin da ke taimakonsu shi ne ba sa fitsari irin na dabbobi. Farin da ake gani a kashin tsuntsu shi ne fitsarinsa, a daskare, ba tare da asarar ruwa mai yawa ba.

Sauran dabarun na zaman duniya ne. Kiwo da sassafe da yamma lis, tsakar rana kuwa a laɓe. A hamadar Saudiyya masana sun tarar da wasu ƙananan tsuntsaye suna shiga ramin babban ƙadangaren nan da Larabawa ke kira dabbu, su fake har rana ta yi sanyi. Da yawansu ba sa shan ruwa sam, danshin ƙwari da fara ya ishe su.

Akwai kuma wata mai kama da kurciya wadda Larabawa ke kira ƙaɗa, da ake samu har a yankin Sahel. Tsaba take ci, don haka dole ta sha ruwa, amma tana yin ƙwai a fili mai nisa da mashaya. Namijin kan tashi tafiyar kilomitoci da safe, ya shiga ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, wanda ke riƙe ruwa kamar soso, ya dawo 'ya'yan su tsotsa.

A tsibiran Abu Dhabi, irin su Abu Al Abyad, akwai wani tsuntsu fari da baƙi mai cin ƙaguwa, wanda ke haƙa rami mai tsawo a cikin yashi ya saka ƙwai guda ɗaya. Ramin na kare ƙwan daga rana, ɗumin yashin kuma na taya iyayen kwanci, har su samu damar tafiya neman abinci. Wani shaho mai launin toka kuwa da gangan yake jinkirta haihuwa zuwa ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani, domin ƙyanƙyasar 'ya'yansa ta zo daidai da wucewar ƙananan tsuntsaye masu ƙaura. Idan ya gama sai ya nufi Madagaska. Wannan shaho ya kusa daina haihuwa a ƙasar baki ɗaya.

A Khor Kalba da ke gabar gabas, kusa da iyakar Oman, wani tsuntsu mai kamun kifi, shuɗi da fari, na zaune cikin tsofaffin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Irinsa ba ya wuce wannan kurmi da wasu 'yan wurare a Oman, kuma adadinsa a Kalba bai wuce a ƙirga da gommai ba. A kogon tsohuwar bishiya yake sheƙa, abin da sabon dashe ba zai ba shi ba sai bayan shekaru masu yawa.

Masu kallo

Kallon tsuntsaye a matsayin abin sha'awa Turawa ma'aikata ne suka fi yaɗa shi a ƙasar. Littafin Colin Richardson na 1990 kan tsuntsayen Daular na cikin na farko da suka tattara abin da aka sani. Akwai kwamitin masana da ke tantance duk wani iƙirari na ganin baƙon tsuntsu, ba ya karɓa sai da hoto ko bayani mai gamsarwa. Ba wasan banza ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka, domin da irin waɗannan ƙididdiga na 'yan sa-kai ake kafa hujja idan za a hana gini a wata fadama. Har yanzu kuma ana gano sabo: a 2015 aka ji kukan wata mujiya a Wadi Wurayah da ke duwatsun Fujaira, shekara biyu bayan masu bincike sun ci karo da irinta a Oman.

Lokacin kallo daga Oktoba ne zuwa Afrilu, da sanyin safiya. Kayan aikin madubin hangen nesa ne da littafin gane tsuntsaye ko manhajar waya, sai gorar ruwa. A Ras Al Khor an gina rumfunan kallo, kuma tun buɗe su ba a karɓar kuɗin shiga.

Shaho da hubara

Dangantakar Balaraben hamada da tsuntsu ta girmi duk wannan. A da, makiyayi kan kama shaho lokacin da yake wucewa da kaka, ya horar da shi cikin 'yan makonni, ya yi farautar zomo da hubara da shi a lokacin sanyi domin iyali su samu nama, sannan ya sake shi idan zafi ya gabato. Hubara ƙanwar tuje ce, mai launin yashi, ta fi kaza girma.

Kuɗin man fetur ya sauya wannan lissafi. Mota mai ratsa yashi da bindiga sun riga sun ƙarar da jiminar Larabawa tun tsakiyar ƙarni na 20. Hubara ma ta yi ƙaranci a yankin, sai manyan masu farauta suka koma bin ta Pakistan da Maroko da tsakiyar Asiya. Tawagogin mafarauta daga ƙasashen Larabawa sun shiga har hamadar Nijar suna farautar tuje. Shahon da aka fi so, wanda ake kira saƙar, ya shiga jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kamun da ake yi masa domin sayarwa na cikin dalilai.

Daular ta kashe maƙudan kuɗi wajen gyara. Tun 1995 ake mayar da shahuna daji a ƙarƙashin shirin Sheikh Zayed. A 1999 aka buɗe asibitin shaho a Abu Dhabi, mai duba dubban tsuntsaye a shekara. Daga 2002 aka fara yi wa kowane shaho fasfo domin daƙile fasa-ƙwauri, kuma ba abin mamaki ba ne a ga shaho zaune cikin fasinjoji a jirgin Etihad. An kuma ƙarfafa tseren shaho da kiwonsa a gida, domin a rage dogaro da na daji. Ita kuwa hubara, asusun da aka kafa dominta a 2006 yana da cibiyoyin ƙyanƙyasa a Abu Dhabi da Maroko da Kazakistan, kuma ya saki ɗaruruwan dubbai.

A nan ne masana suka rabu. Masu shirin na cewa ba don shi ba da an manta da hubara a wurare da dama. Masu suka na cewa wadda aka raina a keji ba ta kai ta daji iya ƙaura da tsere wa dila ba, kuma idan suka cakuɗu tana iya raunana irin na dajin. A ganinsu, sakin dubbai ba zai yi amfani ba muddin ba a rage yawan waɗanda ake kashewa ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin har yau hubarar Asiya na cikin jerin tsuntsayen da adadinsu ke raguwa.

Rage farautar kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, saboda ta shiga harkar diflomasiyya. A watan Agustan 2015 Kotun Ƙolin Pakistan ta haramta farautar hubara. Gwamnatin ƙasar ta koma kotun tana cewa gayyatar manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa zuwa farauta wani ginshiƙi ne na hulɗarta da ƙasashen waje, kuma a watan Janairun 2016 kotun ta ɗage haramcin.