Mai Keke da Taswirar Waya a Tsakanin Nguru da Gashuwa

Keke bai taɓa barin ƙasar Karasuwa ba, amma abubuwa biyu sun ƙara masa daraja. Na farko shi ne shekarun da aka hana hawan babur a Jihar Yobe saboda rikicin Boko Haram. Na biyu cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda ya sa mutane da dama suka jingine babur, suka kai tsohon kekensu wurin mai gyara. A daidai wannan lokaci wayoyin Tecno, Itel da Infinix suka cika aljihun matasa, kuma kusan kowace babbar waya na ɗauke da GPS. Shi ya sa yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga ɗalibi ko ma'aikacin lafiya ya tsaya a bakin hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana duban taswira kafin ya ci gaba da tuƙi.

A Turai da Amurka, mai tseren keke yakan zauna yana auna na'urar GPS ta keke ta Garmin da ta Wahoo: wacce ta fi riƙe caji, wacce ake iya karanta fuskarta cikin rana. Kuɗin ɗaya daga cikinsu ya isa ya sayi kekuna da yawa a kasuwar Jajimaji, don haka wannan muhawara ba tamu ba ce. Wayar hannu ta wadatar. Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, sanin inda kake tsaye ba ya cin data ko kaɗan. Wayar tana sauraren taurarin ɗan'adam ne da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000, kuma da ta kama huɗu daga cikinsu ta san wurin. Taswirar ita ce ke buƙatar intanet, ita ma ana iya sauke ta a gari kafin a fita, a Google Maps ko a manhajoji irin su OsmAnd.

Inda gizo ke saƙa shi ne ita taswirar kanta. A kan kwaltar da ta haɗa Nguru, Jajimaji da Gashuwa tana aiki lafiya lau, sai dai can ɗin ba mai ɓata. Mutum yana ɓata ne idan ya sauka daga titi: kudu wajen fadamar Hadejia da Nguru, ko arewa wajen Machina da Yusufari, inda yashi ke binne sawu. A fadama hanya ba ta zama wuri ɗaya. Wadda ka bi da rani, da kaka ruwa ya shanye ta, kuma kachalla da ta toshe magudanai tana karkatar da ruwan zuwa inda ba a saba gani ba. Hoton da tauraro ya ɗauka a watan Maris ba zai gaya maka cewa a Satumba sai da kwalekwale ba. Ƙauyuka da rugage masu yawa kuwa ko sunansu babu a ciki, wasu an rubuta su yadda mutanen wurin ba za su gane ba.

Wannan giɓi ba sabon abu ba ne. Ma'aikatan rigakafin shan-inna sun ci karo da shi, har ta kai aka riƙa ba su wayoyi masu bin sawu, aka zana sababbin taswirori daga hoton sama, aka gano matsugunai da a da ake tsallakewa. Aikin ya taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a shekarar 2020. Darasin a bayyane yake: na'urar ta yi amfani ne bayan da mutane suka taka ƙasa suka cika taswirar.

Amfanin da mai keke ke samu a yau na gaske ne. Yana iya tura wa ɗan'uwansa wurin da yake ta WhatsApp idan taya ta yi faci a daji, muddin akwai intanet a wurin. Yana iya adana sawun hanyar da ya bi, ya dawo ta kanta ko da ƙurar hunturu ta rufe gari. Amma zafin bazara, da ke haura digiri 40, kan sa wayar da aka ɗaure a kan keke ta ɗauki zafi ta mutu, kuma taswira na zuƙe batir a yankin da caji sai an biya a shago. Gara a bar ta a aljihu, a ciro ta a mararraba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma tsayawa tambayar hanya shi ne ke sa a san da zuwanka. Baƙon da ya ratsa ƙauye idonsa na kan waya, bai yi sallama da kowa ba, bai gai da Bulama ba, a yankin da ya sha wahalar rashin tsaro, ya jawo wa kansa zargi. Makiyayin da ya baro fadama da safe kuwa ya fi kowace manhaja sanin inda ruwa ya kai.

Taswirar OpenStreetMap kowa na iya gyara ta kyauta. Ina kira ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da matasan Karasuwa masu keke da waya: ku sa ƙauyukanku a ciki da sunayensu na ainihi, ku nuna wace hanya ce ta rani, wace ce ke biyuwa da damina.