Iyalin da Yaƙi Bai Raba Su da Garkarsu Ba

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya saba da jin sunan Lebanon. Mun karanta labarin itatuwan al'ul da Sarki Sulemanu ya samo daga can domin ginin Haikali. Annabi Yusha'u kuma, a sura ta 14, ya ambaci ruwan inabin ƙasar saboda ƙanshinsa. To, har wa yau ana noman inabi a Lebanon. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani iyali na Kirista da suka riƙe wannan sana'a tun daga kaka har jikoki.

Tun da fari bari mu faɗi gaskiya. Ba talla muke yi wa abin sha ba. Da yawa cikinmu ba ma taɓa shi, Afisawa 5:18 kuwa ta gargaɗe mu a fili game da buguwa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda gidan nan suka riƙe amanar gadonsu.

A shekara ta 1930 wani saurayi mai suna Gaston Hochar ya komo gida daga Faransa, inda ya ga yadda mutanen Bordeaux ke sarrafa inabi. Sai ya kafa ma'aikatarsa a garin Gazir, arewa da Beirut, cikin wani tsohon gini na dutse. Sunan ma'aikatar Château Musar. Amma garkunan ba a Gazir suke ba. Suna can Kwarin Bika, a bayan duwatsun Lebanon, wajen mita 1,000 bisa teku, inda rana ke da zafi, dare kuma da sanyi. Saboda haka kowace kaka sai an ɗora 'ya'yan inabin a manyan motoci, a ƙetare duwatsu da su zuwa wurin matsewa. Ku riƙe wannan a zuciya, gama a nan wahalar ta ɓullo daga baya.

Gaston yana da 'ya'ya maza biyu da suka shiga aikin. Babban, Serge, ya koyo ilmin sana'ar a Jami'ar Bordeaux, a 1959 kuwa mahaifinsa ya danƙa masa aikin sarrafawa. Ƙanensa Ronald ya riƙe kuɗi da ciniki. Kowa ya tsaya a kan abin da ya iya.

Jan ruwan inabinsu haɗi ne na iri uku: Cabernet Sauvignon, da Cinsault, da Carignan. Farin kuwa daga iri biyu na ƙasar ake yinsa, wato Obaideh da Merwah. Da hannu ake tsinkar 'ya'yan. Bayan an matse, ruwan yakan yi shekara guda cikin gangunan itacen oak na Faransa, sa'an nan a haɗa, a ɗura a kwalabe, a jera cikin ɗakunan ƙarƙashin dutse. Babban jan nasu ba ya fita kasuwa sai ya kai shekara bakwai. Manomin da ya girbe bana, ba zai ga kuɗinsa ba sai yaron da aka haifa bana ya shiga makaranta!

A 1975 yaƙin basasa ya ɓarke a Lebanon, bai ƙare ba sai 1990. Hanyar da ke tsakanin garka da ma'aikata ta cika da shingayen mayaƙa. A 1976 ba a sami damar yin ruwan inabi ba sam. A 1984 motocin sun yi kwanaki suna zagaye kafin su iso, har 'ya'yan sun fara tsami tun a hanya. Duk da haka, in ban da irin waɗannan shekaru, kowace kaka an tsinka, an ɗauko, an matse. Direbobi da ma'aikata sun sa ransu a hannu domin amfanin shekara kada ya lalace.

Yaƙin ya kuma kashe musu kasuwar gida, inda dā suke sayar da mafi yawan kayansu. Maimakon su rufe ƙofa, sai suka nemi masu saye a ƙetare. A 1979 suka kai kayansu wani bikin baje koli a Bristol ta Ingila, inda wani masani, Michael Broadbent, ya ɗanɗana ya yaba. Daga nan sunansu ya bazu. A 1984 mujallar Decanter ta zaɓi Serge gwarzonta na shekara, shi ne na farko da aka ba wannan girma. Serge ya rasu a ƙarshen Disamba 2014. 'Ya'yansa Gaston da Marc, da Ralph ɗan Ronald, suka ci gaba da aikin.

To, jama'a, ina ruwanmu da wannan labari? Mu ma muna da gado. Wani gona ce, wani garke, wani keken ɗinki ko shagon uba. Sau nawa muka ga uba ya rasu, tun ba a share makoki ba 'yan'uwa sun fara jayayya, a yanka gonar gunduwa-gunduwa, a sayar, kuɗin ya ƙare cikin shekara? Gidan Hochar sun sha harsashi shekara 15, amma wa da ƙane ba su raba garka ba. Uban ya koya wa yaransa aikin tun yana da ƙarfi, ya kuma sakar musu shi tun yana da rai.

Cikin Yohanna sura 15 Ubangijinmu ya kwatanta kansa da kurangar inabi, mu kuwa rassa. Mai garka ya san reshen da ya rabu da gindi ba ya 'ya'ya. Iyaye, mu zauna da yaranmu tun yau, mu nuna musu iyakar gona da sirrin sana'a, tare da tsoron Allah. Mu kuma yi wa 'yan'uwanmu na Lebanon addu'a, Allah ya ba ƙasarsu salama mai ɗorewa.