Idan Harbi Ya Ɓarke, Mintunan Farko a Hannunka Suke

Ranar 16 ga Afrilun 2007, wani ɗalibi a Jami'ar Virginia Tech da ke Amurka ya ɗaure ƙofofin wani ginin azuzuwa da sarƙa ta ciki, ya hau sama, ya shiga bin aji-aji yana harbi. Cikin kimanin minti goma ya kashe mutum 30, ban da biyu da ya kashe tun da safe a ɗakin kwanan ɗalibai. A aji mai lamba 205, ɗalibai suka jawo babban tebur suka tokare ƙofa, suka kwanta a ƙasa suna danne shi. Maharin ya harbi ƙofar, bai samu shiga ba, ya wuce. Ba a rasa rai ko ɗaya a wannan aji ba. A aji na 204 kuwa, Farfesa Liviu Librescu, dattijo mai shekara 76, ya tare ƙofa da jikinsa, ɗalibansa suna dirowa ta taga. An kashe shi, amma akasarinsu sun tsira.

Duk waɗanda suka rayu a azuzuwan nan biyu, sun rayu ne kafin ɗan sanda ko ɗaya ya iso gare su. Hukumar FBI ta yi nazarin hare-hare 160 irin wannan da aka kai a Amurka daga 2000 zuwa 2013. A cikin waɗanda aka san tsawonsu, kusan kashi 70 cikin ɗari sun ƙare cikin minti biyar ko ƙasa da haka, kuma fiye da rabin hare-haren sun ƙare tun jami'an tsaro suna hanya. Ko sun iso ɗin ma, ba tabbas. A garin Uvalde na jihar Texas, a watan Mayun 2022, jami'ai kusan 400 suka taru a wata makarantar firamare, amma sai da aka shafe minti 77 kafin a kutsa ajin da maharin yake. Yara 19 da malamai biyu suka mutu.

Irin waɗannan hare-hare ne suka sa hukumomin Amurka suka daina gaya wa jama'a su zauna su jira ceto kawai. A 2012 birnin Houston ya fitar da wani gajeren bidiyo da ya dunƙule shawarar cikin kalmomi uku: gudu, ɓuya, faɗa. Birtaniya ta ɗauki biyun farko, ta musanya na ukun da sanar da 'yan sanda. Amma kafin a kai ga ko ɗaya daga cikinsu, akwai wani tarko da ya fi kama mutane, wato ƙin yarda da abin da kunne ya ji. Mutum zai ce taya ce ta fashe, ko salansar babur ce, ko yara ne ke wasan nokawut. Ya dubi na kusa da shi, ya ga bai motsa ba, shi ma ya zauna. A Las Vegas a 2017, da yawa daga cikin masu kallon wani wasan kaɗe-kaɗe sun ɗauka wasan wuta ake yi, alhali daga saman otal ake yi musu ruwan harsasai. A ganina nan ne ake yin babbar asara. Wanda ya ruga a kan ƙarar taya, iyakarta a yi masa dariya.

Saboda haka idan akwai hanyar fita, ƙafa me na ci ban ba ki ba. A bar jaka, a bar takalmi, a bar mota. Ka ja na kusa da kai, idan ya tsaya gardama kada ka tsaya tare da shi. Nesa da ƙarar ake nufa, ko da ta taga ne ko ƙofar baya, domin yawancin mutane ƙofar da suka shigo ita suke tunawa, kuma sau da yawa ta nan maharin ya shigo. Sai ka tabbata ka tsira sannan ka ɗauko waya, ka kira 911 idan a Amurka kake, ko 112 a Najeriya, ka faɗi wurin, da adadin maharan da ka gani, da kamanninsu. Ka kuma hana masu tahowa shiga. Halinmu na rugawa kallo, ga waya a hannu ana ɗaukar bidiyo, a irin wannan rana ganganci ne tsagwaronsa.

Idan hanya ta toshe, sai ɓuya, kuma ɓuya iri biyu ce. Akwai abin da ke kare ka daga ido kawai, kamar labule, ƙofar katako, kwanon rufi ko ƙofar mota, duk harsashi na ratsa su. Akwai kuma abin da ke iya tare harsashin kansa: ginshiƙin kankare, katanga mai kauri, ko ɓangaren injin mota. Ɗakin da ake iya kullewa ya fi komai. A kulle, a tokare da tebur ko kabad, a kashe fitila, a kashe ƙarar waya har da girgizarta, a kauce daga saitin ƙofa da taga. A wata makaranta da ke garin Parkland na jihar Florida a 2018, inda aka kashe mutum 17, maharin bai shiga aji ko ɗaya ba. Waɗanda ya samu a cikin azuzuwa, ta gilashin ƙofa ya harbe su. Kada kuma a cure wuri guda, kuma kada a buɗe wa duk wanda ya ƙwanƙwasa yana cewa shi jami'i ne sai an tabbatar.

Faɗa shi ne na ƙarshe, idan tura ta kai bango. A hare-haren nan 160, guda 21 fararen hula marasa makami ne suka kawo ƙarshensu ta hanyar danne maharin. A birnin Christchurch na ƙasar New Zealand, ranar Juma'a 15 ga Maris ɗin 2019, inda aka kashe masallata 51 a masallatai biyu, Naeem Rashid ya afka wa maharin a masallacin Al Noor, ya rasa ransa. A masallacin Linwood kuma Abdul Aziz ya fito da ɗan injin biyan kuɗi da kati a hannu, ya jefi maharin, ya bi shi har ya tsere. Ɗaya ya rayu, ɗaya bai rayu ba, don haka kada wani ya ɗauka abin wasa ne. Idan ya zama dole, a yi shi a tare, da duk ƙarfi, da kujera ko tukunyar kashe gobara ko duk abin da hannu ya kai, musamman lokacin da ya tsaya sake ɗura harsasai. Sai dai a lura, an gina wannan shawara ne a kan mahari guda. Gungun 'yan bindiga a kan babura wani lissafi ne dabam, a nan gudu da ɓuya su ne abin yi.

Da jami'ai suka iso, ba su san kowa ba. Ka yar da duk abin da ke hannunka, ka ɗaga hannuwa yatsu a buɗe, kada ka ruga ka rungume su. Kada ka taɓa bindigar maharin. A garin Arvada na jihar Colorado a 2021, wani bawan Allah ya harbe mahari ya ceci jama'a, ɗan sanda ya iso ya gan shi riƙe da bindigar maharin, ya kashe shi. Rukunin farko na jami'ai kuma ba za su tsaya kan masu rauni ba, maharin suke nema. Jinyar farko a kanku take. Jini na iya ƙarar da mutum cikin minti biyar, shi ya sa Amurka ta ƙaddamar da shirin koya wa jama'a tsayar da jini a 2015. A danne raunin da ƙyalle da hannu biyu, kada a ɗaga don dubawa. Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau a saman raunin, ba a kan gaɓa ba, a riƙe lokacin da aka ɗaure don gaya wa likita.

Mu ma abin bai bar mu ba. Ranar 28 ga Nuwamban 2014, bayan bama-bamai sun tashi a Babban Masallacin Juma'a na Kano, 'yan bindiga sun buɗe wa masu gudu wuta, aka rasa fiye da mutum ɗari. Duk da haka, har yau za ka shiga makaranta ko ɗakin taro ka tarar ƙofa ɗaya ce ke aiki, ta bayan an garƙame ta da kwaɗo, mai makullin ya tafi kasuwa, tagogi kuma duk ƙarfe. Kwamitocin masallatai da majami'u, da shugabannin makarantu da na kasuwanni, ku zagaya gininku a wannan makon: ku buɗe ƙofa ta biyu, ku sa sakata ta ciki a azuzuwa, ku nuna wa jama'arku ta inda za su fita.