Kwandon Salla Daga Tsohon Buhu

Kowace Salla muna aika yara da abinci da goro gidajen 'yan'uwa. Sau da yawa sai mu zuba a baƙar leda. Ledar ta yage a hanya, ko kuwa a jefar da ita bayan gida, akuya ta haɗiye, cikinta ya kumbura. Wadda ta tsira kuma ruwan sama ya kwashe ta zuwa Kwara, ta gangara tafkin Kainji, masunta su jawo ta cikin taru maimakon kifi.

Alhali kuwa a gidajenmu na ƙasar Shanga da Yawuri da Ngaski akwai abin da za mu yi kwando da shi ba mu kashe ko kwabo ba. Mu manoman shinkafa ne da albasa, ba mu rasa tsohon buhu. Buhun da ya huje bai ƙara riƙe hatsi, amma zarensa yana nan da ƙarfi.

Tun farko mu lura da wannan. Ba kowane buhu ne ya dace da abinci ba. Kada mu taɓa buhun da aka zuba takin zamani ko siminti, balle wanda aka ajiye iri mai magani a ciki. Wanki ba ya tabbatar mana dafin ya fita. Mu nemi na shinkafa, ko na sukari, ko na gishiri.

To, ga yadda ake yi. A wanke buhun da sabulu, a shanya a inuwa, don rana tana cinye zaren roba har ya riƙa marmashewa. In ya bushe a farke bakinsa, a zare zaren ɗaya ɗaya. Wannan aikin yara ne, suna kuwa sonsa. Sa'an nan a samo kaba ko doguwar ciyawa busasshiya, a ɗan yayyafa mata ruwa don kada ta karye. Salla ƙarama ta 2025 ta zo a ƙarshen watan Maris, cikin bazara, lokacin da ciyawa ta bushe sarai. Amma Salla tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, saboda haka gara a yanka da kaka a adana.

A ɗebi ciyawa kaurin ƙaramin yatsa. A naɗe bakinta da zare, a lanƙwasa kamar gammo. A sa zare a basilla, a riƙa naɗe ciyawar ana soka basilla cikin zagayen da ya wuce. Wadda ta iya ɗinkin faifai ta riga ta iya wannan. A nan ne masu koyo kan yi kuskure: sai su bari ciyawa ta ƙare sa'an nan su cusa sabuwa da yawa, kwandon ya fito da ƙusumbi. A riƙa ƙara tsinke biyu ko uku a kai a kai, kaurin ya zauna daidai. Zaren kuma a ja shi sosai. Ɗinki mai sako-sako ba ya ɗaukar kwano.

In gindin ya kai taƙi ɗaya da rabi, sai a daina faɗaɗawa. A riƙa ɗora kowane zagaye a bisa na ƙasa, bango ya tashi. In akwai jan buhun albasa, a sa zarensa zagaye biyu don ado.

Ana gab da Salla ƙyallen atamfa yana zube a gaban kowane tela. Mu roƙo, mu naɗe bakin kwandon da shi. Mariƙi kuwa, igiyar tsohon taru ta isa, in an wanke ta an ɗinka da kyau gefe biyu.

Tuwo ko waina mai zafi ba a zuba su kai tsaye a kan zaren roba. A sa a kwano, a rufe da faifai, a ajiye kwanon cikin kwando. Yaro ya kai, a juye, ya komo da kwandon gida a rataye shi a ɗaka har babbar Salla.