Haɗa Kayan Lantarki a Motar Akori-Kura da Gano Matsalolinsu

Kamar yadda aka sani, akori-kura ita ce ƙashin bayan sufuri a karkara, kuma akan ƙara mata fitilu, lasifika ko jiniya. Muna jan hankalin direbobi da jami'an ƙananan hukumomi cewa haɗin ganganci yana iya ƙone mota ƙurmus.

Kafin a taɓa waya, a fara cire kan batir mai alamar ragi. Duk abin da aka ƙara yana buƙatar fiyus nasa kusa da batir. Alal misali, fitilu 2 masu wat 55 kowace suna jan kusan amfiya 9, don haka fiyus mai lamba 15, wato shuɗi, shi ya dace da su, tare da waya mai kauri. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, domin girgizar hanyar burji tana cinye fatarta.

Idan abu ya daina aiki, a duba fiyus tukuna, sannan wayar da aka ɗaure a jikin mota, wadda tsatsa kan hana ta aiki. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan an tayar da inji. In bai kai haka ba bayan tayarwa, a duba altaneta.

Fiyus mai yawan ƙonewa galibi alama ce cewa waya ta taɓa ƙarfe. Muna gargaɗi kada a maye gurbinsa da zaren waya, a kai motar wurin mai gyaran wayarin.